Ofishin da ya shirya mana takardun ƙaura zuwa ƙasar maƙwabta: inda ya ƙware da inda ya gaza

Wata 14 ke nan da na kama aiki a ƙasar da muke iyaka da ita, kuma tun daga lokacin abokan sana'a suke tambayata ko kuɗin da na biya ofishin da ya shirya mini takardun ƙaura ya yi amfani, ko kuwa abin da zan iya yi da kaina ne na ɗauko ɗan tsakiya. Ni injiniya ne mai aikin hanyoyi da gadoji, na shekara 11 a wannan aiki kafin in tashi, maiɗakina kuwa ma'aikaciyar jinya ce, don haka fayil biyu muka kai wa ofishin a rana ɗaya, kuma yadda aka yi da kowannensu ya bambanta ƙwarai. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, domin akwai kurakuran da zan faɗa a kansa, ga shi kuma irinsa suna da yawa, abin da zai amfani mai karatu shi ne ya san abin da zai duba idan ya shiga ɗaya daga cikinsu.

Na je zama na farko da tunanin da galibin ƙwararru suke da shi game da ƙasar maƙwabta, wato tunda na sha tsallaka iyakar ba tare da biza ba, na halarci taruka na dawo, to komawa can da aiki ba zai wuce in sami kamfanin da zai ɗauke ni in haɗa kayana ba. Matar da aka haɗa ni da ita, wadda ta daɗe tana aikin lauya a fannin shige da fice, ta bar ni na gama bayani, sannan ta jawo farar takarda ta ja layi uku. "Injiniya," in ji ta, "ƙofa uku ce a gabanka, kai kuwa ta farko kaɗai ka sani. Akwai izinin shiga, akwai izinin zama da yin aiki, akwai kuma izinin yin sana'arka, wanda shi ne zai ba ka damar sa hannu a kan zanen gada. Hukumomi uku ne daban-daban, kuma babu wadda take tuntuɓar 'yar'uwarta kafin ta yanke hukunci." Na ce mata, "Hajiya, ai ƙasashenmu sun amince wa juna zirga-zirga." Ta amsa cewa yarjejeniyar ta buɗe ƙofar farko gaba ɗaya, ta sassauta ta biyu, amma makullin ta uku yana hannun majalisar injiniyoyi ta can.

Da na koma gida na bincika, sai na ga cewa abin da ta faɗa haka yake kusan a ko'ina maƙwabta suka sauƙaƙa wa juna shiga. Yarjejeniyar zirga-zirga da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90, amma 'yancin zama da na kafa sana'a matakai ne na gaba, kuma wanda zai wuce wannan wa'adi sai ya nemi katin zama. A Tarayyar Turai, inda aka fi ko'ina nisa a wannan fanni, ɗan wata ƙasa zai iya zama ya yi aiki a wata, amma sana'o'i 7 ne kacal dokar 2005 ta ce a amince da shaidarsu kai tsaye, wato likitoci, ma'aikatan jinya, ungozomomi, likitocin haƙori, likitocin dabbobi, masu harhaɗa magunguna da masu zanen gini, injiniya ba ya cikinsu. Tsakanin Amurka da Kanada da Meksiko akwai izinin aiki na musamman da aka kafa tun yarjejeniyar kasuwanci ta 1994, wanda ya shafi jerin sana'o'i kimanin 60, sai dai dole mutum ya riƙe takardar ɗaukar aiki a hannunsa, kuma a Amurka da Kanada lasisin sana'a yana hannun jihohi da larduna. Ostireliya da Niyu Zilan sun bar 'yan ƙasashensu su zauna su yi aiki a tsakaninsu tun 1973, amma sai da suka ƙulla wata yarjejeniya daban, shekaru da yawa bayan haka, kafin rajistar sana'a ta ɗaya ta riƙa aiki a ɗaya. Wannan rarrabewa da Hajiyar ta yi mini a cikin minti 20 ita ce abu mafi daraja da na samu daga ofishin, domin ita ta hana ni ajiye aikina kafin lokaci, kuma da takardar murabus ɗin a rubuce na je wurinta.

Inda ofishin ya nuna ƙwarewa ta gaske shi ne tantance takardu. Sun nemi in kawo komai na asali, daga takardar haihuwa har zuwa lasisin da nake aiki da shi, aka shimfiɗa su a kan dogon tebur, wani ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bin sunana da bakin biro. A takarda ta huɗu ya tsaya. Sunan mahaifina a satifiket ɗin jami'a yana da harafi ɗaya da babu shi a fasfo, kuma a wata tsohuwar takarda an sa wata a gurbin rana a ranar haihuwata. Shekara da shekaru ina amfani da waɗannan takardu ba wanda ya taɓa ɗaga ido, amma ya ce mini jami'in da bai san yadda ake rubuta sunayenmu ba zai iya ɗauka mutum biyu ne, ya mayar da fayil ɗin bayan an yi watanni ana jira. Sun tura ni na yi rantsuwa a kotu cewa sunayen na mutum ɗaya ne, aka haɗa takardar da fayil tun daga farko, kuma babu hukumar da ta sake tayar da zancen.

Sun kuma fahimtar da ni cewa satifiket ɗin da ke hannuna bai isa hujja ba sai an tabbatar da shi. Majalisar injiniyoyin tana son cikakken sakamakon darussa ya fito daga jami'a kai tsaye zuwa gare ta, a cikin ambulan mai hatimi, ba ya bi ta hannuna ba, haka nan tana son wasiƙa daga majalisar da ta ba ni lasisi a gida wadda take shaida cewa ba ni da wani laifi na sana'a kuma ba a bina kuɗin rajista. Game da tabbatar da hatimi, akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1961, wadda ƙasashe sama da 120 suke ciki, inda hatimi guda da ake kira afostil yake wadatarwa. Idan ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ba ta cikin yarjejeniyar, to sai an bi tsohuwar hanya, daga ma'aikatar ilimi zuwa ma'aikatar harkokin waje, daga nan zuwa ofishin jakadancin ƙasar da za a je, kowane ya buga nasa hatimin a kan na wanda ya gabace shi. Ni wannan doguwar hanya na bi, kuma bayan an gama sai da rantsattsen mai fassara, wanda hukumar can ta amince da shi, ya mayar da komai zuwa harshen hukuma na ƙasar. Ofishin ya san wanda aka amince da shi da wanda ba a amince da shi ba, abin da ni da kaina da wuya in gane.

Abin da ya fi burge ni a wannan mataki shi ne jadawalin da suka tsara mini. Wasu takardu ba sa tsufa, kamar satifiket, wasu kuwa suna da wa'adi, kamar shaidar 'yan sanda ta rashin laifi da sakamakon gwajin lafiya, waɗanda galibi bayan wata 3 zuwa 6 ba a karɓarsu. Mutane da yawa da waɗannan suke farawa saboda su ne masu sauƙin samu, kafin jami'a ta aika da sakamako sun mutu, sai an sake biya an sake yi. Ni an hana ni taɓa su har sai da takardun da ke cin lokaci suka iso. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a wannan sha'ani akwai gorar da idan aka fafe ta da wuri ita ma asara ce, kuma ofishin ya san wace ce wace.

A kan lasisi sun faɗa mini gaskiya duk da ba ta yi mini daɗi ba. Akwai yarjejeniyar Washinton ta 1989, wadda ƙasashen da ke cikinta suke amincewa da digirin injiniya na junansu, amma digirina bai shiga ƙarƙashinta ba, kuma ko da ya shiga, digiri ta shafa, ba lasisin aiki ba. Sun ce in sa ran rajista ta wucin gadi, in yi aiki ƙarƙashin injiniya mai cikakken lasisi wanda zai riƙa sa hannu a kan zanena, sannan in zauna gaban kwamiti. Haka aka yi. Ba abu ne mai sauƙi ba mutumin da ya jagoranci ayyuka ya koma yana kai zanensa a duba masa, amma na ga hikimar abin, domin ƙa'idojin lissafin nauyi da na kayan gini da suke bi sun bambanta da waɗanda na saba da su, kuma da yake an gaya mini tun da wuri, na shigar da zancen cikin cinikin albashi, aka rubuta cewa za a ɗaga matsayina ranar da na sami cikakkiyar rajista.

Ya kamata in fayyace cewa ofishin ba ya samar wa mutum aiki, kuma sun faɗi haka a shafin farko na yarjejeniyarmu. Ni na nemi aikina, su kuwa suka binciki kamfanin, suka tabbatar yana da rajista kuma yana da ikon ɗaukar baƙo, sannan suka karanta kwantiragin sakin layi bayan sakin layi. Sun nuna mini cewa izinin aikina a ɗaure yake da wannan kamfani, idan muka rabu sai an sake nema, saboda haka suka sa aka ƙara wa'adin sanarwar sallama, aka kuma rubuta wanda zai ɗauki kuɗin sabunta izinin. Sun gargaɗe ni kada in miƙa fasfona ga kowane mai ɗaukar aiki da sunan ajiya, kuma kada in biya kowa kuɗi don ya ba ni gurbin aiki, suna masu nuni da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181 ta 1997, wadda ta ce kamfanonin samar da ma'aikata kada su ɗora wa ma'aikaci kuɗin aikinsu. Na ga wannan gargaɗi ya dace, domin ƙwararru ma ana cutarsu, sau da yawa saboda suna jin kunyar nuna cewa akwai abin da ba su sani ba.

Tsarin biyan kuɗinsu ma a bayyane yake. Ana biyan zaman farko shi kaɗai, sauran kuma kashi uku ne, kowane kashi bayan an kammala wani mataki, kuma sun raba ladan aikinsu da kuɗin hukuma, wanda ni da kaina na riƙa biya ina karɓar rasit da sunana. Ba su taɓa ce mini suna da wani a ciki ba, ba su kuma yi mini alkawarin cewa lallai za a ba ni izini ba. Duk wanda ya shiga irin wannan ofishi aka ba shi tabbacin nasara, ko aka haɗa masa kuɗin hukuma da ladan aiki a dunƙule ba rasit, ina ba shi shawara ya kwashe takardunsa ya fita.

Fayil ɗin maiɗakina ne ya nuna mini iyakar saninsu, kuma har yanzu abin yana yi mini ciwo. Sun bi da shi ta hanyar da suka bi da nawa, kamar dai jinya da aikin injiniya abu ɗaya ne, alhali hukumomin lafiya sun fi tsanantawa nesa ba kusa ba. Sun ce mata cikin wata 3 za ta sami rajista. Ba su gaya mata cewa majalisar ma'aikatan jinya za ta nemi lissafin sa'o'in da ta yi a kowane ɓangare na asibiti lokacin karatu ba, wato na yara, na haihuwa, na tiyata da na taɓin hankali, kuma makarantarta ce kaɗai za ta iya cike wannan fom. Ba su gaya mata akwai jarrabawar harshe ba, alhali ba ta yiwuwa a bar mutum ya karanta umarnin likita ya ba da magani da harshen da ba a gwada shi a kai ba. Ba su kuma ambaci watannin sabawa da za ta yi a asibiti ƙarƙashin kulawa ba. Duk waɗannan a wasiƙar majalisar muka gan su, bayan ta riga ta ajiye aikinta ta biyo ni da yara.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne nau'in katin zaman da suka nema mata. Sun shigar da ita a matsayin iyalin ma'aikaci, wanda ya fi saurin fitowa, amma wannan kati bai ba ta damar karɓar albashi ba. Ranar da ta je asibitin da ya yarda ya karɓe ta, jami'ar ɗaukar ma'aikata ta juya katin ta nuna mata wani ɗan gajeren layi a bayansa, ta ce sai an sauya shi tukuna. Ta dawo gida da farar rigar aikinta a ninke cikin jaka, ta ajiye ta a kan kujera, ba ta ce komai ba har dare. Da na kira ofishin, Hajiyar da kanta ta amsa, ta ce, "Injiniya, laifinmu ne, ya kamata a ce mun tambaye ta tun farko ko aiki za ta yi." Sun sauya katin ba su karɓi ladan aiki ba, kuma na yaba da yadda ta amsa kuskuren ba tare da kewaye-kewaye ba, amma kuɗin hukuma mu muka sake biya, wata 4 kuma ya tafi a banza. Abin mamaki shi ne sana'arta tana rubuce a shafin farko na fayil ɗin.

Akwai kuma wani batu da ya kamata duk ofishin da ke karɓar fayil na ma'aikatan lafiya ya sani, su kuwa ba su taɓa ambatonsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga wata ƙasa zuwa wata a 2010, kuma tana da jerin ƙasashen da ke fama da ƙarancin ma'aikata, waɗanda a 2023 suka kai 55, inda ta nemi a daina zuwa farautar ma'aikatansu. Ƙa'idar ba ta hana mutum ya nemi aiki da kansa ba, amma tana shafar yadda wasu asibitoci suke ɗaukar baƙi, kuma mai shirin tafiya yana da haƙƙin a yi masa bayaninta, ko don ya auna abin da zai bari a baya.

Sadarwarsu ma ta yi rauni bayan biya na biyu. A farko Hajiyar ce take amsa saƙonnina cikin kwana ɗaya, daga baya aka miƙa mu ga ƙananan ma'aikata, aka sauya mana mutum sau uku, kuma kowane sabo sai na sake yi masa bayani daga tushe. Na lura cewa kuskuren katin ya faru ne a tsakanin sauyi na farko da na biyu. Duk da haka akwai abu ɗaya da ba su yi sakaci da shi ba, wato sanar da mu idan doka ta sauya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yarjejeniyar maƙwabta tana iya canzawa mutum yana tsakiyar shiri. 'Yancin zirga-zirga tsakanin Birtaniya da Tarayyar Turai ya ƙare a ƙarshen 2020, haka nan ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS ta tabbata a Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen har zuwa wani lokaci. Wanda ya dogara da bayanin da wani ya samu shekara 3 da suka wuce zai iya yin shiri a kan dokar da ta riga ta sauya.

Ga wanda yake tambayata ko ya je wurinsu, amsata ta danganta da sana'arsa. Idan sana'ar ba ta buƙatar lasisi, kamar masu rubuta manhajar kwamfuta da yawancin masu aikin gudanarwa, kuma kamfanin da ya ɗauke shi yana da sashen da ya saba nema wa baƙi izini, to zaman farko da tantance takardu sun ishe shi, sauran zai iya bi da kansa. Idan injiniya ne ko akanta ko mai zanen gini, ina ganin cikakken aikinsu ya cancanci kuɗinsa. Idan kuwa ma'aikacin lafiya ne, to kafin ya biya komai ya tambaye su fayil nawa na sana'arsa suka kai har ga rajista, ya nemi su rubuta masa matakan a takarda, sannan ya rubuta wa majalisar sana'ar ta ƙasar da zai je da kansa ya gwada amsoshin biyu, kuma kada ya ajiye aikinsa sai wasiƙar majalisar ta zo hannunsa. Mai iyali kuma ya tambaya ƙarara ko katin da za a nema wa matarsa ko mijinta yana ba da damar aiki, ya sa a nuna masa amsar a rubuce.

Maiɗakina ta ci jarrabawar harshe a zama na biyu, yanzu tana wata na biyar na sabawa a ɓangaren yara, kuma muna sa ran cikakkiyar rajista kafin ƙarshen shekara. Ni na zauna gaban kwamiti a watan da ya wuce, ina jiran wasiƙarsu. Tambayar da na aika wa ofishin tun wata 2 da suka shige, wato yadda za a yi da kuɗin fanshon da muka tara a gida, da kuma ko shekarun da muke yi a nan za su shiga lissafi idan muka koma, har yau ba su amsa ba, kuma na sake tura musu ita a makon jiya.